Rogo Daga Kwari, Ciniki a Kan Tudu: Matsayin Aikin Ba da Shawara a Sarƙar Sayen Sarrafaffen Rogo a Jos

1.0 Gabatarwa

Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman rogo. Alƙaluman Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, na 'yan shekarun nan suna nuna cewa ana haƙo kimanin tan miliyan 60 a ƙasar kowace shekara, wato kusan kashi ɗaya cikin biyar na rogon duniya baki ɗaya. Sai dai idan aka zo batun sayar da sarrafaffen rogo a kasuwar duniya, Tailan ce ke riƙe da kambu, alhali abin da take nomawa kusan rabin na Nijeriya ne kawai. Masana'antun Nijeriya kuwa har yau suna shigo da sitaci daga ƙetare, suna wuce rogon da ke jibge a bakin hanya.

Manufar wannan maƙala ita ce nazarin wannan giɓi daga ɓangaren mai saye, tare da ɗaukar birnin Jos a matsayin fagen misali. An zaɓi Jos ne saboda ba cibiyar noman rogo ba ce. Gari ne na masu ci da masu sarrafawa, mai gonakin kaji da kamfanonin abincin dabbobi da gidajen burodi, wanda dole rogonsa ya hauro masa daga ƙasa. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, shawarar da aka daɗe ana bayarwa a harkar rogo ta tsaya ne a kan kunya, wajen manomi, alhali asara mafi yawa tana aukuwa ne tsakanin ranar da aka tuge rogo da ranar da buhu ya shiga sito. A wannan tsakani ne ake buƙatar mashawarci, kuma a nan ne ya fi ƙaranci.

2.0 Waiwaye Kan Ra'ayoyin Magabata

Rogo baƙo ne a Afirka. Turawan Fotugal ne suka kawo shi daga Barazil a ƙarni na 16, kuma bai samu karɓuwa sosai a kudancin Nijeriya ba sai a ƙarni na 19, lokacin da 'yantattun bayi da suka komo daga Barazil suka yaɗa dabarun sarrafa shi. William O. Jones, a littafinsa Manioc in Africa na 1959, ya kare rogo daga masu yi masa kallon abincin talauci, ya nuna yadda yake jure fari da ƙasa marar ƙarfi, yake kuma jira a cikin ƙasa har ranar da aka buƙace shi.

Ra'ayi na biyu ya fito ne daga babban binciken haɗin gwiwa da aka fara a 1989 a ƙasashen Afirka shida, wanda Felix Nweke ya jagoranta. Sakamakonsa ne Nweke da Dunstan Spencer da John Lynam suka tattara a The Cassava Transformation na 2002. A ganinsu rogo yana bin matakai: daga abincin tsare yunwa zuwa abincin yau da kullum na ƙauye, daga nan zuwa amfanin sayarwa ga birane, sannan abincin dabbobi da kayan masana'antu. Sun danganta ci gaban Nijeriya da abu biyu, wato ire-iren rogo na TMS da Cibiyar Binciken Noma ta Ƙasashe Masu Zafi, IITA, da ke Ibadan ta fitar, da kuma injin goge rogo da ya sauƙaƙa wa mata aikin gari. Nijeriya ta kai mataki na uku tuntuni. A bakin na huɗun ne ta yi cirko-cirko.

Gwamnati ta yi ƙoƙarin tura ta da ƙarfin doka. A 2002 Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shiri na musamman kan rogo, wanda ya haifar da umarnin sanya kashi 10 cikin 100 na fulawar rogo a cikin ta alkama. 'Yan kasuwa da dama suka ci bashi suka kafa injinan busarwa. Da gwamnati ta sauya a 2007 aka sassauta umarnin, manyan kamfanonin fulawa suka ja baya, injinan da yawa suka yi tsatsa. A zamanin Shugaba Goodluck Jonathan, ministan gona Akinwumi Adesina ya farfaɗo da batun burodin rogo, aka ƙara haraji kan alkama a 2012, aka kafa asusun tallafi. Wannan ma bai daɗe bayan 2015 ba. Darasin da masu nazari suka fi nanatawa shi ne rashin ɗorewar manufa. Gaskiya ne, amma bai isa bayani ba, domin ko a shekarun da dokar ke da ƙarfi kamfanonin fulawa sun riƙa kukan cewa kayan da ake kawo musu ba ya zuwa a kan lokaci kuma ingancinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Ta fuskar faɗakar da manoma kuwa, tsarin da Nijeriya ta gada shi ne na shirye-shiryen bunƙasa aikin gona da Bankin Duniya ya tallafa, waɗanda aka fara a Funtuwa da Gusau da Gombe a tsakiyar shekarun 1970. Na Lafiya ya biyo baya a 1977, lokacin Lafiya tana cikin Jihar Filato, sannan aka kafa na jihar gaba ɗaya, PADP, a 1987. Tsarin horarwa da ziyara na Daniel Benor ne aka bi: malamin gona ya karɓi darasi, ya kai wa manoma a ranakun da aka tsara. Darasin kuwa na iri ne da taki da tazarar shuka. Ba a ɗora wa malamin gona sanin abin da mai injin abincin kaji ke nema ba.

Akwai kuma rukuni na uku da masu rubutu kan rogo ba su cika waiwaya ba, wato masu nazarin kasuwa da amana. Abner Cohen ya bayyana a 1969 yadda masu gida da dillalan unguwar Sabo a Ibadan ke riƙe cinikin shanu da goro ta hanyar lamuni da tsayawa wa baƙo. Gina Porter da Fergus Lyon sun yi irin wannan nazari kan cinikin kayan lambu a Filato. Wannan maƙala ta jingina da su a sashe na 4.5.

3.0 Hanyar Nazari da Ma'anar Kalmomi

An bi hanyar nazarin rubuce-rubuce: ayyukan da aka ambata a sama, alƙaluman FAO, ƙa'idojin abinci na hukumar Codex, da bayanan cibiyoyin bincike. An haɗa da lissafin juyi, wato auna yawan ɗanyen rogon da ke ba da tan ɗaya na kowane irin kaya, domin da shi ake gane inda kuɗi ke zurarewa.

Sarƙar kaya a nan tana nufin jerin hannuwan da rogo ke bi daga manomi zuwa mai sarrafawa, mai tarawa, direba, dillali, har mai saye na ƙarshe. Mashawarci shi ne mutum ko kamfani ko hukuma da ke ba ɗaya daga cikin waɗannan shawara ta ƙwarewa. Takardar siffar kaya ita ce rubutaccen bayanin abin da mai saye zai karɓa da abin da zai mayar.

4.0 Nazari

4.1 Jos a Matsayin Mai Saye

Jos tana bisa tudu mai tsawon sama da mita 1,200. Sanyin da ya sa dankalin turawa da kabeji da karas suka samu gida a Bokkos da Mangu da Barikin Ladi, shi ne ke rage wa rogo hanzari, don rogo ɗan zafi ne. Ana shuka shi a kan tudun jefi-jefi, amma yana daɗewa kafin ya yi ƙwari. Ba mamaki da reshen da Cibiyar Binciken Saiwoyi ta Ƙasa da ke Umudike ta buɗe a Kuru, kusa da Jos, ya zama na dankali.

Rogon jihar yana kudu ne, a filayen Shendam da Qua'an Pan da Mikang da Langtang, inda ƙasa ta sauka zuwa kwarin Binuwai. Wannan yanki ya san noman kasuwa tun da daɗewa. Robert Netting, daga baya kuma Glenn Davis Stone, sun rubuta yadda mutanen Kofyar suka sauko daga duwatsunsu tun shekarun 1950 suka buɗe gonaki a wajejen Namu, suna noma doya da shinkafa don sayarwa. Bayan kudancin Filato sai Nasarawa, wadda aka cire daga jihar a 1996, sai Binuwai da Kogi da Taraba. Manyan hanyoyin da kaya ke bi guda biyu ne: wadda ta taso daga Shendam ta Panyam da Mangu, da wadda ta taso daga Makurɗi ta Lafiya da Akwanga ta hauro Hawan Kibo, hawan da direbobin manyan motoci ba sa ambata da wasa.

Dogaro da abincin waje ba sabon abu ba ne ga Jos. Haƙar kuza ta tara dubban leburori daga ƙasar Hausa da Barno da kudu, kamar yadda Bill Freund ya nuna a littafinsa na 1981, kuma ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso a 1914, babban layin daga Fatakwal ya iso a 1927. Garin kwaki ya bi sawun ma'aikata ya zauna. Yau ana auna shi da mudu a Katako da Kugiya ta Bukuru da kewayen Taminus, inda babbar kasuwar da ta ƙone a Fabrairun 2002 take. Alabo kuma, wato garin busasshen rogo, ya shiga tukunyar kowa: da shi ake ɗaure ɗanwake, ana gauraya shi da garin masara don tuwo ya yi danƙo.

Wannan kasuwar ta gida tana tafiya da kanta, ba ta jiran kowa. Inda tambaya take shi ne ɓangaren masana'antu. A Bukuru akwai Grand Cereals, reshen kamfanin UAC mai yin abincin kaji na Vital Feed, akwai kuma injin abincin dabbobi na ECWA. A cikin Jos akwai NASCO, wanda Ahmed Idris Nasreddin ya kafa a 1963, mai yin biskit da kwanfilas. Ga ɗimbin masu kiwon kajin ƙwai da ke haɗa abincinsu da kansu, ga gidajen burodi, ga masu wanki da guga da ke shan sitaci kullum. Duk wanda ke sayen masara ko fulawa ko sitaci da yawa, rogo na iya rage masa kuɗi, idan an kawo masa shi a siffar da injinsa zai karɓa.

4.2 Ruwa da Lokaci

Abu biyu ne ke mulkin cinikin rogo. Na farko, kusan kashi biyu cikin uku na ɗanyen rogo ruwa ne. Na biyu, da zarar an tuge shi yakan fara lalacewa cikin kwana ɗaya zuwa uku: jijiyoyi masu launin shuɗi-baƙi su bayyana a cikinsa, ɗanɗano ya canza, sitaci ya ragu.

Lissafin a fili yake. Ana buƙatar kimanin tan 4 na ɗanyen rogo kafin a samu tan 1 na fulawa, kimanin tan 5 kuma kafin a samu tan 1 na sitaci. Tirela mai ɗaukar tan 30 idan ta hauro da ɗanyen rogo daga Lafiya, abin da za a samu bai wuce tan 7 da rabi na fulawa ba. Kusan tan 20 na lodin ruwa ne aka biya wa kuɗin gas da kuɗin shingaye aka hau da shi dutse. Idan motar ta lalace a hanya ta kwana biyu, an tashi a tutar babu. Tun bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin darajar naira a watan da ya biyo baya, wannan lissafi ya ƙara tsanani.

Saboda haka shawara ta farko da mashawarci na gari zai ba mai jari a Jos ita ce kada ya gina masana'antar ɗanyen rogo a Jos. Matakin farko na sarrafawa, wato ɓarewa da gogewa da matsewa ko yankawa da shanya, wurinsa kusa da gona. Kamfanonin da suka ɗore a ƙasar nan haka suka yi. Psaltry, wanda Yemisi Iranloye ta kafa, ya dasa masana'antarsa ne a karkarar Ado-Awaye ta Jihar Oyo, a tsakiyar manoman da ke kawo masa kaya, ya kai ga sayar wa manyan kamfanonin abinci da sha, a 2022 kuma ya buɗe sashen yin sobitol, sinadarin zaƙi da ake sanyawa a man goge baki. Kamfanin DADTCO na ƙasar Holan ya ɗauki wata dabarar: ya ɗora injin a cikin kwantena yana kai shi ƙauyuka, yana mayar da rogo dunƙulen da zai jure ajiya. Da irin wannan dunƙule aka fara yin giyar Impala a Mozambik a 2011.

Akwai wani saɓani na yanayi da ba a cika kula da shi ba. Lokacin da rana da iskar hunturu suka fi dacewa da shanya, daga Nuwamba zuwa Maris, shi ne lokacin da ƙasa ta bushe ta yi tauri, tugewa ta yi wuya, 'yan ƙwadago suka tsawwala. Lokacin da ƙasa ta yi laushi rogo ya yi arha, shi ne damina, sa'ad da shanya ke gagara, kuma a farkon ruwa itacen yakan janye sitacin saiwa ya yi sabon ganye. Mai saye da bai tsara kalandarsa da wannan ba zai tarar kaya ya yanke masa a Yuli da Agusta, ko kuma a kawo masa mai fumfuna. Maganin shi ne sayen na shekara a rani da tanadin sito, a nan kuwa Jos tana da fifiko na gaske, domin sanyinta da bushewar iskarta a rani sun fi na kwari dacewa da ajiyar busasshen kaya.

4.3 Takardar Siffar Kaya

A kasuwa ana sayen gari da ido da hannu da harshe: a dumbuza, a murza, a ɗanɗana. Mai tuwo wannan ya ishe ta. Masana'anta kuwa tana buƙatar lamba.

Hukumar Codex ta ƙayyade cewa danshin garin kwaki kada ya wuce kashi 12 cikin 100, na fulawar rogo kuma kashi 13. Ta kuma iyakance gubar sayanayid, wadda ke cikin rogo tun asali musamman mai ɗaci, zuwa miligiram 10 a kowane kilo na fulawa. Batun ba na wasa ba ne. Benjamin Osuntokun na Jami'ar Ibadan ya danganta wata cutar jijiyoyi a kudu maso yammacin Nijeriya da yawan cin rogon da ba a sarrafa da kyau ba, cutar shanyewar ƙafafu ta konzo kuma ta ɓarke a arewacin Mozambik a 1981 lokacin fari. Haɗarin yakan ƙaru ne idan kasuwa ta yi zafi, masu sarrafawa suka gajarta kwanakin jiƙo ko na matsa don su riski farashi. A cikin gida hukumomin SON da NAFDAC ne ke da alhakin ƙa'ida, amma ba su da ma'aikaci a kowace rumfar suyar gari, don haka nauyin gwaji yana komawa kan mai saye.

Fulawar rogo ta masana'antu ta bambanta da alabo, kuma rikita su ya jawo asara da yawa. Alabo ana jiƙa shi ko a bar shi ya yi tsami. Fulawar da mai biskit ko mai burodi ke so ba ta da tsami ko kaɗan, dole a ɓare a goge a matse a busar cikin sa'o'i 24. Wanda ya kai wa gidan burodi niƙaƙƙen alabo da sunan fulawa ya ɓata wa rogo suna a wurin har abada.

Kasuwar da ta fi dacewa da Jos ita ce ta abincin kaji, kuma a nan ne lissafi ya fi daɗi. Masara tana da furotin kimanin kashi 9 cikin 100, busasshen rogo kuwa bai wuce kashi 2 zuwa 3 ba. Kafin a maye gurbin kilo 100 na masara, sai an haɗa kimanin kilo 85 na rogo da kilo 15 na tunkuzar waken soya. Idan aka ƙaddara tunkuzar ta ninka masara tsada, rogon ba zai biya ba sai farashinsa ya tsaya ƙasa da kashi 82 cikin 100 na farashin masara. Daga nan kuma a sake ragewa, domin garin rogo yana da ƙura sai an ɗaure shi da mai ko a dunƙule shi, yana buƙatar ƙarin sinadarin metiyonin, kuma farin rogo ba ya ba gwaiduwa launin da masu sayen ƙwai ke so. Turawa sun yi wannan lissafi tun da daɗewa: a shekarun 1970 da 1980, da hatsi ya yi tsada a Tarayyar Turai, miliyoyin tan na dunƙulen rogon Tailan sun riƙa sauka a tashar Rotadam, cinikin ya ja baya ne bayan gyaran manufar noma na 1992 ya karyar da farashin hatsi. Darasin shi ne, rogo a abincin dabbobi ɗan canji ne, farashin masara ke shigo da shi, shi ke kuma fitar da shi. Mai kaji a Jos ya ɗanɗani haka a 2020, da masara ta yi tashin gwauron zabo har Babban Bankin Nijeriya ya hana ba da kuɗin waje don shigo da ita a watan Yuli.

Ɓawo ma kaya ne. Masu bincike na cibiyar ILRI a Ibadan sun nuna a 2015 cewa idan aka goge ɓawon rogo aka matse shi, zai bushe cikin sa'o'i maimakon kwanaki, tan 3 na ɗanye ya ba da kimanin tan 1 na abincin dabbobi. Ga jihar da ke da Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Vom tun 1924, da shanu da aladu da kaji, wannan ba ƙaramar dama ba ce, tunda a wuraren suyar gari ɓawon tsibi yake yi ya ruɓe.

Yashi da tsakuwa su ne abokan gabar kowane injin niƙa. Duk wanda ya bi hanyar Lafiya a rani ya ga rogo shanye a gefen kwalta, ƙura da hayaƙin mota da awaki suna ratsawa. Tamfol ko dandamalin siminti ba su da tsada idan aka kwatanta da lodin da aka mayar. Amma mai shanya ba za ta sayi tamfol ba muddin kuɗin buhu mai tsabta da na mai yashi ɗaya ne. Takardar siffar kaya da ba ta zo da ƙarin farashi ga mai inganci ba, takarda ce kawai.

4.4 Farashi da Alkawari

Rogon Nijeriya yana da mai saye da ba ya gajiya, wato kaskon suyar gari. Duk masana'antar da ta ƙulla yarjejeniya da manoma a kan tsayayyen farashi tana takara ne da wannan kasko. Idan gari ya yi tsada, kamar yadda ya faru a 2024 lokacin da hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100, manomi zai sayar wa mai gari da ta zo bakin gona da kuɗi a hannu. Idan kowa ya ruga ya shuka, bayan shekara kaya ya yi yawa farashi ya faɗi, sai kamfanin ya fara neman aibi a lodin da ya yi alkawarin karɓa. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma a wannan ciniki ɓangarorin biyu duk an gan su.

Da yake rogo yakan shekara a gona, wannan hawa da sauka yana zagayowa ne duk bayan shekara biyu zuwa uku. Yarjejeniyar da za ta rayu ita ce mai farashi mai motsi: a sa ƙasan da ba za a sauka ba, sannan a ɗaura sauran da farashin wata sananniyar kasuwa a makon da aka kawo kaya. Biya kuma ya kasance nan take. Manomin da ya jira kuɗinsa wata guda ba zai dawo ba.

Sai batun awo. Ana cinikin ɗanyen rogo da lodin a-kori-kura ko da tsibi, busasshe kuma da buhun da girmansa ke sauyawa daga kasuwa zuwa kasuwa. A Tailan ana auna kilo 5 na samfur a cikin ruwa a gano yawan sitacinsa, a biya bisa haka. Sikelin ba shi da wuyar sarrafawa, kuma shi ne kaɗai zai sa manomi ya ga amfanin neman iri mai nauyin sitaci kamar TME 419, ko sababbin da aka fitar a ƙarshen 2020 irin su Game Changer da Obasanjo-2. In ba haka ba, mai iri mai kyau da mai iri na gargajiya kuɗinsu ɗaya a kan lodi.

Tsaro ma yana cikin lissafi. Rikicin Yelwa da Shendam na 2004 da na Mangu na 2023 sun nuna cewa hanya ɗaya tana iya rufewa ba shiri. Mai saye da ya dogara da kudancin Filato kaɗai, ko da Nasarawa kaɗai, ya kamata a ba shi shawarar riƙe masu kawo kaya a hanyoyin biyu, ko da ɗayar ta ɗan fi tsada.

4.5 Dillali, Mashawarci, da Wanda ke Biya

Takardun ayyukan raya karkara sun saba zana dillali a matsayin ƙaya da za a cire. Binciken Cohen da na Porter da Lyon ya nuna akasin haka. Dillali ya san wane ƙauye ne ke da kaya a wannan mako, wace mai suya ce ba ta haɗa tsohon gari da sabo, wane direba ne ba ya sauke buhu a hanya. Yana ba da bashi ba takarda, yana tsayawa idan rigima ta taso, la'adarsa kuma kowa ya san ta. Wannan shi ma aikin ba da shawara ne, sai dai ba a rubuce yake ba. Abin da ba ya da shi shi ne na'urar auna danshi, da kayan gwajin guba, da rajistar da za ta nuna daga wace rumfa kowane buhu ya fito. Ya fi sauƙi a ba dillali waɗannan a koya masa, a kan a ɗauko ɗan boko daga birni a ce ya gina amanar da ta ɗauki wani shekara ashirin.

Kayan shawara na zamani sun samu, amma yawancinsu gona suka fuskanta. AKILIMO, wanda IITA ta ɓullo da shi, yana ba da shawarar taki da lokacin shuka da na tugewa ta wayar hannu. Manhajar Nuru tana gane cutar ganye daga hoto. Shirin BASICS ya yi aikin samar da ingantaccen itacen shuka mai shaida. Shirin IFAD na bunƙasa shinkafa da rogo, wanda ya fi kusa da batun haɗa manomi da mai saye, ya shafi jihohi irin su Binuwai da Taraba da Neja, daga baya aka ƙara Nasarawa da Kogi, amma Filato ba ta ciki. Wannan yana nufin ƙungiyoyin masu sarrafawa da aka riga aka horar suna nan a maƙwabta, a kan hanyar Akwanga, kuma mai saye a Jos zai iya fara nema daga can.

Tambaya mafi nauyi ita ce wa ke biyan mashawarci. Idan mai sayar da injin busarwa ne ya kawo shi, rahotonsa zai ƙare da sayen inji. Idan kasonsa yana kan yawan lodin da aka saya, ba zai so a mayar da lodi ba. Idan aikin tallafi ne ke biyansa, ranar da aikin ya ƙare shi ma ya tafi, kamar yadda tarihin shirye-shiryen Bankin Duniya ya nuna bayan da kuɗinsu ya janye a tsakiyar shekarun 1990. Tsarin da ya fi tsayuwa shi ne masu saye su biya, a ware kuɗin gwaji daga kuɗin ciniki, wanda ya auna kaya kuma kada ya zama mai cin riba a sayar da shi.

Mai kaji dubu biyu a Rayfield ko Zawan ba zai iya ɗaukar mashawarci shi kaɗai ba. Reshen ƙungiyar masu kiwon kaji na jihar zai iya, haka ma ƙungiyar masu gidajen burodi: su haɗa odarsu ta zama lodin tirela, su rubuta takardar siffa guda, su kai samfur ɗakunan gwaji na Vom ko na Jami'ar Jos, su kuma nemi malaman PADP da na Kwalejin Aikin Gona ta Garkawa, wadda ke tsakiyar yankin rogon, su riƙe ɓangaren horar da masu shanya da masu tarawa a Shendam da Namu kafin kakar rani ta kama.